Tarkacen Wasiƙun Imel: Asalinsu, Yadda Na'ura Ke Tace Su da Hanyoyin Rage Su

Gabatarwa

Garin Illela na jihar Sakkwato yana bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, suna kallon juna da Birnin Ƙonni. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan wannan iyaka ya san cewa ba a barin kaya su wuce kara zube. Sai ma'aikata sun tambayi inda suka fito, sun duba takardunsu, wani lokaci ma su kwance su domin ganin abin da ke ciki. Irin wannan aiki ne na'urori ke yi wa wasiƙun imel dare da rana.

A yau ɗalibin sakandare a Illela yana buƙatar adireshin imel domin neman gurbin karatu a jami'a ko neman tallafin karatu, malami kuma yana buƙatarsa domin ƙaro ilimi da hulɗa da hukumomi. Sai dai da zarar an buɗe akwatin, wasiƙun da ba a nema ba sukan fara kwararowa, har su binne wadda ake jira. Wannan darasi zai yi bayanin asalin irin waɗannan wasiƙu, da dalilin yawansu, da yadda ake tace su, da kuma abin da mai akwati zai yi domin ya rage su.

Ma'ana da Asali

Tarkacen wasiƙu su ne saƙonnin da ake aika wa ɗimbin mutane a lokaci guda ba tare da sun nema ba. Turawa suna kiransu "spam", sunan da ya samo asali daga wani naman gwangwani da kamfanin Hormel na Amurka ya fara sayarwa a 1937. A 1970 wasu 'yan wasan barkwanci na Ingila suka yi wani shiri inda aka yi ta maimaita sunan naman har ya danne maganar kowa. Daga nan aka ari kalmar ga duk saƙon da ya cika wuri ya hana a ji abin da ke da amfani.

Masana tarihin kwamfuta suna ɗaukar wasiƙar da Gary Thuerk ya aika ranar 3 ga Mayu, 1978 a matsayin ta farko. Shi ma'aikacin talla ne a kamfanin Digital Equipment Corporation, ya aika wa kusan mutum 400 tallar sababbin kwamfutoci ta hanyar sadarwar ARPANET, wadda ita ce uwar intanet. A watan Afrilun 1994 kuma wasu lauyoyi biyu, Laurence Canter da Martha Siegel, suka watsa tallar cacar takardar izinin zama a Amurka zuwa dubban zaurukan tattaunawa na intanet. Tun daga lokacin abin ya zama sana'a.

Nijeriya ma tana da nata kaso a wannan tarihi. A shekarun 1980 da 1990 'yan damfara sun riƙa aika wasiƙu ta gidan waya da na'urar faks, suna alkawarin raba wata dukiya mai yawa idan aka fara biyan wani ɗan kuɗi. Da imel ya zo sai suka koma kansa. Ana kiran wannan zamba da 419, wato lambar sashen dokar laifuffuka da ya yi magana a kan karɓar dukiya ta hanyar yaudara.

Dalilin Yawansu

Wanda zai aika wasiƙa dubu ta gidan waya dole ya sayi takarda dubu da ambulan dubu da kan sarki dubu. Mai aika imel kuwa kusan abin da zai kashe a kan wasiƙa ɗaya shi zai kashe a kan miliyan. Ƙari a kan haka, da yawa daga cikin masu wannan aiki ba da na'urorinsu suke aikawa ba. Sukan harbi kwamfutocin jama'a da muguwar manhaja, su riƙa aikawa ta cikinsu ba da sanin masu su ba.

A 2008 wasu masu bincike na Jami'ar Kalifoniya suka bi diddigin wasiƙu kusan miliyan 350 na tallar magunguna cikin kwana 26. Mutum 28 kacal suka yi yunƙurin saye, wato mutum ɗaya cikin kowace wasiƙa miliyan 12 da rabi. Wannan ya nuna cewa mai tarkace ba ya buƙatar jama'a su yarda da shi. Mutum ɗaya da kwaɗayi ya ja ya ishe shi, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

A 2012 wani masani a sashen bincike na kamfanin Microsoft, Cormac Herley, ya yi bayanin abin da ya sa labaran 'yan 419 suke zama marasa kan gado. A ganinsa, labarin da ƙaryarsa ta fito fili yana korar masu wayo tun da farko, sai ya rage wa ɗan damfara waɗanda suka fi sauƙin yaudara, ba tare da ya ɓata lokacinsa a kan sauran ba.

Shingaye Uku na Tacewa

Kamfanonin da ke ba da akwatin imel, irin su Gmail da Yahoo da Outlook, suna bin kowace wasiƙa ta shingaye uku, kamar dai yadda ake yi wa kaya a kan iyaka.

Shinge na farko shi ne tambayar inda wasiƙa ta fito. Kowace na'ura a intanet tana da lambarta, kuma akwai ƙungiyoyi irin su Spamhaus, wadda aka kafa a 1998, da ke tattara lambobin na'urorin da suka yi ƙaurin suna wajen aika tarkace.

Shinge na biyu shi ne duba takardu. Tsarin imel na asali bai hana mutum ya sa sunan wani a gurbin mai aikawa ba, kamar yadda kowa zai iya rubuta sunan da ya ga dama a bayan ambulan. Saboda haka aka ƙirƙiro tsare-tsare uku. SPF yana nuna na'urorin da aka yarda su aika da sunan wata ma'aikata, DKIM yana sa wa wasiƙa hatimi na lissafi wanda ke lalacewa idan an taɓa ta a hanya, DMARC kuma yana faɗin abin da za a yi da wadda ta kasa cika sharuɗɗan. Daga watan Fabrairun 2024 kamfanin Google ya wajabta waɗannan tsare-tsare ga duk mai aika wasiƙu 5,000 ko fiye a rana zuwa akwatunan Gmail.

Shinge na uku shi ne kwance kaya, wato duba kalmomin da ke cikin wasiƙar. A nan ana amfani da ƙa'idar lissafin yiwuwa ta Thomas Bayes, wani malamin Ingila da aka buga aikinsa a 1763, bayan rasuwarsa. Paul Graham ne ya yayata amfani da ita a kan tarkace a 2002. Ga misali domin a fahimta. A ƙaddara cewa wani malami ya ware wasiƙu 100 da ya samu, 40 tarkace, 60 kuma na gari. Kalmar "kyauta" ta fito a cikin 30 daga tarkacen, da 3 daga na garin. Jimlar wasiƙun da ke ɗauke da kalmar 33 ke nan. Idan sabuwar wasiƙa ta zo da wannan kalma, yiwuwar ta zama tarkace ita ce 30 cikin 33, wato kusan kashi 91 cikin ɗari. Na'ura tana yin irin wannan lissafi ga kalmomi masu yawa, ta haɗa sakamakon, sannan ta yanke hukunci.

Abin lura shi ne na'ura tana koyo ne daga misalan da aka nuna mata, don haka takan yi kuskure ta fuska biyu: ta bar mugu ya wuce, ko ta tsare na gari. Kuskure na biyu ya fi haɗari ga ɗalibin da ke jiran takardar shiga makaranta.

Matakan Rage Su

1. A buɗe akwati biyu. Ɗaya na makaranta da banki da hukumomi, ɗayan kuma na rajistar manhajoji da shafukan sada zumunta.

2. Kada a baza adireshi a fili, domin akwai manhajojin da aikinsu shi ne tsintar adireshi a intanet.

3. Malamin da zai aika wa ɗalibai da yawa saƙo ɗaya ya sa adireshinsu a gurbin Bcc, wanda ke ɓoye su daga idon juna.

4. Kada a mayar wa tarkace da amsa, ko da ta zagi ce, domin amsa tana tabbatar da cewa akwatin yana aiki.

5. A danna madannin kai ƙarar tarkace maimakon gogewa kawai, saboda da haka matatar ke koyo. Haka kuma a riƙa leƙa aljihun Spam aƙalla sau ɗaya a mako, a fito da na garin da suka faɗa ciki.

6. Madannin janye rajista na kamfanonin da aka sani ne, kuma aka taɓa yin rajista da su. Idan ba a san mai aikowa ba, kada a taɓa shi.

7. Kada a buɗe takardar da aka maƙala ko a bi mahaɗin da ba a san tushensa ba. A karanta cikakken adireshin mai aikowa harafi bayan harafi, domin 'yan damfara sukan sauya harafi ɗaya a sunan banki ko hukuma. Banki ba ya neman lambar sirri ta imel.

8. Wanda ya yi rajista a shagon kwamfuta ya tabbata da adireshinsa da lambar wayarsa aka yi, ya kuma fita daga akwatinsa kafin ya tashi.

9. A sa mabuɗin sirri mai tsawo, a kuma kunna tantancewa mai mataki biyu, domin kada a sace akwatin a riƙa damfarar 'yan uwa da shi.

Doka da Hukuma

An kafa hukumar EFCC a 2003, an yi dokar hana zambar 419 a 2006, da dokar laifuffukan intanet a 2015, sannan dokar kare bayanan jama'a a 2023. Game da saƙonnin talla na wayar salula kuwa, a 2016 hukumar sadarwa ta NCC ta fito da lambar 2442. Wanda ya aika kalmar STOP zuwa gare ta zai tsayar da su. Wanda aka damfara ya sanar da bankinsa nan take, sannan ya kai ƙara, kada kunya ta hana shi.

Kammalawa

Ba za a iya kawar da tarkacen wasiƙu baki ɗaya ba muddin aika su yana da araha, kuma ana samun masu amsawa. Amma shingayen na'ura tare da kulawar mai akwati suna rage su ƙwarai. Rigakafi dai ya fi magani.

Tambayoyi Domin Aji

1. A misalin da ya gabata, kalmar "jarrabawa" ta fito a cikin 4 daga tarkace da 36 daga na gari. Mene ne yiwuwar wasiƙar da ke ɗauke da ita ta zama tarkace?

2. Me ya sa tsare wasiƙar gari ya fi barin tarkace ya wuce illa?

3. A kwatanta shingaye uku na tacewa da aikin ma'aikatan kan iyakar Illela.