Jirgin ƙasa da kayan da ke zuwa arewa

Duk wanda ya sayi buhun shinkafa ko na siminti a Arlit ya san kuɗinsa ya fi na Maraɗi. Wanda ya saye shi a Cibarakaten, wajen masu haƙar zinari, ya fi kowa sani. Buhun bai sāke ba. Abin da ya ƙaru kuɗin hanya ne. Darasinmu na yau a kan wannan hanya yake, da kuma rabon jirgin ƙasa a cikinta.

Jirgin ƙasa inji ɗaya ne yake jan taragai masu yawa. Tarago shi ne akwatin ƙarfe mai ƙafafu da ake loda kaya a ciki. Ƙafar ƙarfe ce take gudu bisa dogon ƙarfe, saboda haka ba ta cije ƙasa kamar tayar mota, kuma mai kaɗan yake ja nauyi mai yawa. Mu yi ɗan lissafi. A ce kowane tarago yana ɗaukar tan 30, jirgin kuma yana da tarago 20. Tan 600 ke nan. In kamyo ɗaya yana ɗaukar tan 30, sai an sami kamyo 20, da direba 20, kowanne da mansa da tayoyinsa da ƴan kamashonsa.

Kakanninmu sun ga ƙarfin wannan abu da idonsu. A shekarar 1911 dogo ya iso Kano. Kafin nan, ayarin raƙuma ke kawo kayan Tarabulus, su ratsa Abzin da Agadas har Kano. Da jirgi ya zo, kayan teku suka yi araha, fataucin hamada ya yi sanyi. Turawan Ingila auduga suke so a noma musu, amma manoma suka duba inda riba take, suka shuka gyaɗa. Daga nan aka sami dalar gyaɗa a Kano, aka sami attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram ma can ta riƙa gangarawa, a bayan jaki da raƙumi, daga baya a mota, don ta tarar da jirgi.

Ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Don haka a 1959 ta haɗa kai da Dahome, wadda ake kira Benin yanzu, suka kafa hukumar jirgin ƙasa ta tarayya, wadda daga baya aka sani da OCBN. Dogon ya tashi daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ya tsaya a Paraku, kilomita 438. Nan ya ƙare tun 1936, bai taɓa tsallako kogin Kwara ba. A Paraku aka riƙa sauke kaya a loda wa kamyo, su bi Malanbil, Gaya, Doso, Tawa, Agadas, su iso Arlit.

Da aka fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971, da Akokan a 1978, wannan hanya ce ta ɗauke shi. A wancan lokaci ana zuba garin a ganguna, mota ta yi da shi kamar kilomita 1,600 zuwa Paraku, jirgi ya ƙarasa da shi bakin teku. A dawowa kuma a ɗauko farar wuta da sauran kayan da ma'adinai ke bukata. Saboda wannan jigila aka shimfiɗa kwaltar Tawa zuwa Arlit, wadda ake ce wa hanyar uraniyom. Direbobin da ke binta sun san yadda nauyin manyan motoci ya cinye ta.

A hankali jirgin Paraku ya tsufa. Injuna suka lalace, taragai suka yi ƙaranci. Ɗan kasuwa kuwa ba ya son a sauke masa kaya sau biyu, don kowace saukewa akwai kuɗin ƴan dako, akwai fashewar buhu, akwai jira. Sai ya gwammace kamyo tun daga Kwatano har ƙofar shagonsa. Haka aka yi a Najeriya ma: mota ta ƙwace kayan da jirgi ke ɗauka dā. A 2023 kuma aka rufe iyakar Nijar da Benin, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗi ya ƙaru.

To, me ya hana a kawo dogo Arlit, ga arzikin da ke fita daga nan? Wasu za su ce hamada ce. Ba ita ba ce. A Muritaniya, tun 1963 jirgi ke ratsa hamada kilomita 700 daga Zuwerat zuwa Nuwadibu, tsawonsa ya fi kilomita 2, yana jan dutsen ƙarfe fiye da tan miliyan 10 a shekara. Uraniyom ɗinmu kuwa, ko a shekarun albarka bai kai tan 5,000 a shekara ba. Da lissafinmu na sama, jirgi tara sun kwashe shi duka. Cominak ma ta rufe a 2021. Zinarin Cibarakaten, da aka gano a 2014, ya fi haka rashin nauyi: na miliyoyin kuɗi yana shiga aljihun riga. Jirgi nauyi yake bi, tsadar kaya ba ta cika masa tarago.

Kayan nauyi a ƙasar nan na manomi da makiyayi ne: albasar Galmi da ta Tabelot, dankalin Bagzan, wake, dabbobi, da taki da siminti da hatsin da ke shigowa. Su ne za su iya ciyar da jirgi kullum.

Amma shimfiɗa ƙarfe kaɗai ba ya isa. A Janairun 2016 aka buɗe dogon Yamai zuwa Doso, kilomita 143, wanda kamfanin Bolloré ya yi. Ba a haɗa shi da Paraku ba, sai ya zama kamar guga marar igiya. A ganina, wannan ya kamata mu riƙa tunawa duk lokacin da muka ji an yi bikin aza harsashi.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne dogon Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. A Fabrairun 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashinsa, aka ba kamfanin Mota-Engil aikin. In ya fara jigila, taki da siminti za su iya isowa Maraɗi da sauƙi. Daga can zuwa Agadas har yanzu aikin kamyo ne, zuwa Cibarakaten kuma ko kwalta babu, ruwan sha ma mota ke kai shi.

Manomin Abzin ya lura da abu ɗaya. Jirgi ba ya tsayawa don buhu goma, kuma ba ya jiran wanda ya makara. Tarago ake haya, ranar tashi kuma sananniya ce. Mutum ɗaya ba ya cika tan 30, amma ƙungiyar manoma tana iyawa. Albasar da za ta yi wannan tafiya sai an bar ta ta ƙosa, an shanya ta a inuwa har wuyanta ya bushe, an tsince ruɓaɓɓu kafin a ɗure buhu. Ƙungiyar kuma tana bukatar magatakarda da ma'aji waɗanda suka iya rubuta sunan kowa, da yawan buhunansa, da nauyinsu, su kuma karanta takardar duwan kafin su sa hannu.