Idan majinyacinku ya rikice a gadon asibiti

Tsohon da jiya ya gane kowa, yau yana fizge robar ƙarin ruwa yana kiran 'yarsa da sunan marigayiya matarsa, kada ku ce tsufa ne ko aljanu. Ruɗewar da ta zo cikin awoyi ko 'yan kwanaki, tana lafawa da rana tana tsananta da dare, yawanci tana da sanadi: ciwon mafitsara, ƙarancin ruwa ko sukari, sabon magani, ko tiyata. Ku sanar da nas nan take. Haka ma wanda ya yi tsit yana ta barci, shi aka fi mantawa da shi.

Ku kawo masa tabarau, ku ɗaga labule da rana, ku riƙa faɗa masa inda yake. Ɗaure shi da yin gardama da shi ƙara rikita shi suke yi.