Amsoshin Tambayoyinku: Tsakanin Motar Lantarki Da Ta Fetur, Wacce Ta Fi Ɓata Muhalli?

Tambaya: Musu ne ya kaure a majalisarmu. Wani abokina ya ce motar lantarki yaudara ce, domin wutar da ake yi mata caji ma da kwal ko gas ake samar da ita, kuma haƙo ma'adinan batirinta ya fi hayaƙin fetur ɓarna. Wani kuma ya ce ita kanta ɗumamar yanayin ƙirƙirar Turawa ce don su sayar da sababbin motoci. Don Allah a warware mana. Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Malam, tambayoyi biyu ne ka ɗaure wuri guda. Zan fara da ta biyun, domin ita ce tushen ta farkon.

Ilimin ɗumamar yanayi ya girmi kasuwar motocin lantarki ta yau nesa ba kusa ba. Tun 1859 John Tyndall ya nuna a ɗakin gwaji a Landan cewa iskar kabon, wadda ke fitowa idan an ƙona kwal ko mai, tana riƙe zafi. A 1896 Svante Arrhenius, ɗan ƙasar Suwidin, ya lissafa cewa idan ta ƙaru a sararin sama duniya za ta yi ɗumi. Daga 1958 aka fara auna ta a kai a kai a kan dutsen Mauna Loa da ke Hawaii. A lokacin kashi 315 ce cikin miliyan, yau ta haura 420. Iskar da ta maƙale a tsohuwar ƙanƙarar Antaktika kuwa ta nuna cewa kafin zamanin masana'antu kusan 280 ce. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar da cewa 2024 ta zarce duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi, da ƙarin kimanin digiri 1.5 a ma'aunin Selshiyas a kan na kafin masana'antu.

Wani zai ce ai rana ce ta ƙara zafi. Da haka ne, da sama da ƙasa duk za su ɗumama tare. Amma taurarin ɗan'adam sun nuna cewa iskar da ke kusa da mu tana zafi, ta can sama kuwa sanyi take ƙarawa, alamar cewa zafin a ƙasa aka tsare shi. Ka kuma gaya wa abokinka na biyu cewa masanan kamfanin mai na Exxon da kansu, tun shekarun 1970 da 1980, sun hango wannan ɗumamar, kuma lissafinsu ya zo kusa da abin da ya auku. Mai sayar da fetur ba shi da ribar da zai ci a ƙirƙiro irin wannan magana.

To, sai motocin. A nan abokinka na farko yana da gaskiyarsa, kuma ban so a raina ta. Ƙera batir yana cin wuta mai yawa, don haka motar lantarki da bashi a wuyanta take barin masana'anta: hayaƙin da aka fitar wajen ƙera ta ya fi na takwararta ta fetur. Abin dubawa shi ne ko tana biyan bashin a kan titi.

Mu yi lissafi. Kowace litar fetur da aka ƙona tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon. Motar da ke shan lita 8 a kilomita 100, in ta yi kilomita 200,000 kafin ta mutu, ta ƙona lita 16,000, wato wajen tan 37. Kuma kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da ke cikin man nan zafi ne yake zama, ya fice ta lagireto da salansa. Ɗan abin da ya rage ne ke juya taya. Injin lantarki kuwa mafi yawan wutar da aka ba shi tafiya yake mayar da ita. Shi ya sa a yawancin ƙasashe shekara ɗaya zuwa biyu na tuƙi sun isa biyan bashin.

A 2021 cibiyar bincike ta ICCT ta haɗa lissafin duka, tun daga haƙar ma'adinai har ƙarshen rayuwar mota. Ta gano cewa matsakaiciyar motar lantarki a Turai tana fitar da ƙasa da ta fetur da kashi 66 zuwa 69 cikin 100, a Sin da kashi 37 zuwa 45, a Indiya kuma, inda kwal ne ginshiƙin wutarsu, da kashi 19 zuwa 34. Ka ga tazarar tana raguwa gwargwadon daudar wutar, amma ko a Indiya ba ta juye ba. Ƙasashe irin su Nowe da Habasha, masu samun wuta daga madatsun ruwa, su suka fi cin moriya. Habasha ma ta hana shigo da motocin fetur a 2024.

A Najeriya wutar gwamnati yawancinta daga gas take, sauran daga madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru, kuma wannan ba laifi idan aka gwada da kwal. Matsalar ita ce samun wutar. Wanda zai tayar da ƙaramin janareta na fetur ya yi wa motarsa caji bai rage komai ba, injin ya fitar daga mota ya ajiye a tsakar gida, ga kuma asarar da ake yi wajen cajin. Da farantan sola ne lissafin zai tsaya daram.

Batun ma'adinai shi ya fi ɗaga mini hankali. Kusan kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, kuma a 2016 Amnesty International ta fallasa yadda yara ke aiki a wuraren haƙarsa a kudancin ƙasar. A hamadar Atakama ta Chile, haƙo litiyam ya jawo rikici kan ruwa. A jihar Nasarawa ma an ruwaito ganin yara a ramukan litiyam na bayan fage. Wannan zalunci ne, kuma tsabtar salansa ba ta wanke shi. Sai dai shi ma fetur haƙo shi ake yi. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya ce tsabtace malalar mai a can na iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Ƙarfen da ke cikin batir ana iya narkar da shi a sake amfani da shi, man da aka ƙona kuwa ya tafi ke nan. Yanzu ma batura da yawa, musamman na Sin, da ƙarfe da fosfet ake haɗa su, babu kobalt ko kaɗan.

Hukuncina, Malam, shi ne motar lantarki tana da nata lahanin, har da nauyin da ke cinye taya, amma a kusan ko'ina ta fi ta fetur sauƙin ɓarna. Wanda ke da tsohuwar mota lafiyayya da ba ya yawan fita da ita ba sai ya yi gaggawar canji ba. Abin hawan da ke yini a titi, tasi da bas da adaidaita-sahu da acaɓa, shi ya fi saurin biyan bashin batirinsa, kuma hayaƙinsa ne 'yan talla da masu shaguna a bakin hanya ke shaƙa daga safe har dare.