Yaro Ba Ya Yi Wa Wasa Kara

'Yata, mahaifinki ya biyo ta gidana ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, fuskarsa ba walwala. Ya ce kin gama karatun wasan kwaikwayo a jami'a, masu finafinan soyayya sun yi miki tayin aiki, ke kuwa kin kafe a kan finafinan yara da wasanninsu. Ya ce in ja miki kunne. Na yi masa alkawarin zan yi miki magana, ban dai yi masa alkawarin hana ki ba. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina riƙe da alli a firamare, kuma wasan ranar rabon kyaututtuka kusan kullum a kaina yake faɗawa. Ga ɗan abin da na tsinta.

Wasan farko da na shirya a kan tsafta ne. Na sa wa wani yaro kaki da hular kwano ya zama duba-gari, na ba shi jawabin da ya kai minti goma ya haddace. Ya zubo shi tas, ko gargada babu. Iyaye suka tafa, hedimasta ya miƙo mini hannu. Da na waiga wajen 'yan aji ɗaya da na biyu, sai na ga rabinsu suna zane a ƙasa, sauran kuma sun bi wata akuya da ta ratso fili da kallo. A ranar, akuyar nan ta fi ni kasuwa. Babba yana da kara: zai zauna, ya ɓoye hammarsa a hannun riga, a tashi ya ce miki madalla. Yaro ba ya yi wa wasa kara. In abu bai kama shi ba, jikinsa zai gaya miki kafin bakinsa. Wannan ita ce wahalar sana'ar da kika zaɓa, ita ce kuma albarkarta, domin kin samu alƙalin da ba ya karɓar toshiya.

Daga baya na gane ba ni kaɗai akuya ta taɓa kayarwa ba. Mutanen da suka fara shirin Sesame Street a Amurka a 1969, kafin su sake shi sai da suka gwada shi a kan yara. Sukan ajiye wani allo kusa da talabijin, hotuna suna sauyawa a kansa bayan 'yan daƙiƙoƙi, su kuma suna rubuta lokacin da idon yaro ya bar shirin ya koma kan allon. Suka lura muddin manya ne zalla suke magana, hankalin yara yakan gudu, sai 'yartsana ta fito yake dawowa. Dole suka sake shiri, suka cuɗa mutane da 'yartsana a unguwa ɗaya. Shirin ya yi jikoki a ƙasashe da dama, har da namu na Najeriya, Sesame Square, da ya fara a 2011 da 'yan tsanarsa Zobi da Kami. Ke ba ki da kayan aikinsu, amma kina da tabarma. Kafin ki ce kin gama kowane aiki, tara yaran unguwa goma ki nuna musu. Zauna a gefe, ki bar kallon allo, ki kalli fuskokinsu. Duk inda ƙafa ta fara lilo, ko wani ya tuna yana jin ƙishirwa, yi alama. Wurin nan ne za ki yanke, ko da shi kika fi so.

Sai maganar labari. Laifin duba-garina shi ne damuwar da na ɗora masa tawa ce, yara ba su da rabo a ciki. Mutanen Iran sun riga mu gane wannan. A 1965 suka kafa wata cibiya ta raya tunanin yara da matasa, wadda ake kira Kanun, kuma a sashen fim ɗinta Abbas Kiarostami ya fara shirya finafinai. Fim ɗinsa na 1987 labarin wani yaro ne, Ahmad, da ya taho gida da littafin aikin abokinsa bisa kuskure, alhali malami ya yi barazanar korar abokin in ya sake yin aiki a wata takarda. Yaron ya yi ta zarya zuwa ƙauyen maƙwabta yana cigiyar gidan abokin har dare ya yi, manya kowa na harkar gabansa, ba mai sauraronsa. Da ya rasa gidan, ya zauna ya yi wa abokin aikin da hannunsa. A 1997 kuma Majid Majidi ya yi Children of Heaven, inda Ali ya ɓatar da takalmin ƙanwarsa Zahra, suka koma karɓa-karɓa da nasa, ita da safe shi da rana, don kada su ƙara wa mahaifinsu nauyi. Ya shiga gasar gudu yana neman zuwa na uku saboda takalmi ne kyautar na uku, sai tsautsayi ya sa ya zo na ɗaya, ya tsaya yana hawaye. Fim ɗin ya kai ga takarar Oscar.

Dubi girman abin da aka gina labaran a kai: littafi ɗaya, takalmi ɗaya. A wajen yaro kuwa duniya ce sukutum. Kuma ba wani dattijo da ya fito a ƙarshe ya ce, to yara, darasin shi ne riƙon amana. Mukan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne. Amma akwai abin da yaro yake gani a ƙasa wanda babba sai ya durƙusa zai gan shi. Aikinki durƙusawar nan ce.

Kada kuma ki ɗauka sai kin tsallaka teku. Yaran Hausa 'yan wasa ne tun fil'azal. Azumi na kwana goma za ki gan su sun fito tashe, wannan ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya rataya tarkace ya zama Jatau mai magani, ba darakta, ba ɗan kwalliya. Nemi Wasannin Yara na Umaru Dembo ki karanta, sannan ki je wajen tsofaffin gidanku da na'urar ɗaukar magana tun suna raye. Ki lura kakanninmu ba su ji tsoron ba yara Gizo ba, da ƙaryarsa da haɗamarsa. Sun yarda yaro zai yi dariya, kuma zai ga inda wayo yake kai mai shi. In wani ya ce miki ba a yin zanen motsi sai da kuɗin Turai, ba shi labarin Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya fara da wasan inuwa tun yana yaro, a 1966 ya zana Bon Voyage Sim, labarin wani kwaɗo shugaban ƙasa. A garin Tawa ya zauna yana aikinsa, ya rasu a 2015.

Mahaifinki ya ce har da zaɓo finafinan wasu kike so ki riƙa yi kina nunawa a makarantu. To wannan aikin mai rabon abinci ne, kuma mai rabo shi yake fara ɗanɗanawa. Kada ki nuna abin da ba ki kalla daga farko har ƙarshe ba. Kada ki haɗa ɗan shekara huɗu da ɗan sha biyu a zama ɗaya, abin da zai sa wannan kuka shi zai sa wancan hamma. Ɗan tsoro ba laifi ba ne, tatsuniya ma akwai Dodo, amma in kin kai yaro daji ki dawo da shi gida kafin a tashi. Ki san lokacin salla da na Islamiyya. Ki gayyaci iyaye da malamai su gani da idonsu, domin gani ya kori ji. Bayan an gama, ki tambayi yaran ra'ayinsu, ki yi shiru ki saurara. A garin Giffoni na Italiya akwai bikin finafinai da aka fara a 1971, yara da matasa ne alƙalansa, kuma duniya ba ta tashi ba.

Tsoron mahaifinki na kuɗi ne, kuma yana da hujja. Yaro ba ya sayen tikiti, sai iyaye, ko makaranta, ko ƙungiyoyin da suke son a isar da saƙon riga-kafi da wanke hannu. Ki karɓi aikinsu, saƙon alheri ne. Ki dai tsaya kai da fata kada saƙo ya haɗiye labari, in ba haka ba za ki sake haifo duba-garina. Ki riƙe wata sana'a a gefe, ko koyarwa ko tace hoto, har wannan ta kafu.

Abu na ƙarshe ya fi duk waɗannan nauyi. Yaron da kika sa a fim amana ne. Ki nemi iznin iyayensa, kada aikinki ya ci karatunsa, kada magariba ta same shi a wajen ɗauka, kada a keɓe da shi, haƙƙinsa kuma ya isa gidansu cif. Kada ki sa shi kukan gaske don hoto ya yi kyau. Fim zai tsufa, yaron kuma zai girma yana tuna yadda kika riƙe shi.

Gobe zan je in shaida wa mahaifinki na ja miki kunne yadda ya nema. Ke kuma ranar da za ki nuna aikinki na farko, ki aiko a ɗauke ni. A bayan yara zan zauna. In akuya ta ratso fili ban ga wanda ya waiwaya ba, ni da kaina zan gaya masa 'yarsa ta iya. Allah ya yi miki albarka, ya sa ki fi mu.

Baffanki