Darasi na Tara: Rubutun Hannu a Cikin Kwamfuta

Wanda ya ratsa kasuwar Wuse ko tashar motar Utako a Abuja zai ga rubuce-rubuce a jikin shaguna da manyan motoci. Wasu daga cikinsu da buroshi da fenti aka yi su. Irin wannan rubutu ba shi da wuyar ganewa. Inda mai rubutu ya danna buroshi, layin yakan yi kauri. Inda ya sassauta hannu, sai ya sirance. Shi ya sa harafi ɗaya ba ya fitowa iri ɗaya sau biyu.

Hausawa sun daɗe da sanin wannan fasaha. Tun kafin zuwan boko, malamai suna rubuta ajami da alƙalamin kara da tawadar da ake haɗawa da ƙaro. Ana fiƙe bakin alƙalamin da faɗi, don haka baƙaƙen sukan fito da kauri da nauyi. Salon da ya fi shahara shi ne wanda ake kira rubutun Kano. A cikinsa, ɗigon harafin "fa" a ƙasa yake, shi kuwa "ƙaf" ɗigo ɗaya ne a samansa, kamar yadda ake yi a Arewacin Afirka. Wanda ya saba da bugun ƙasar Masar yakan rikice a nan da farko.

Da kwamfuta ta zo, sai aka sami matsala. Zubin haruffan Larabci da ke cikinta siriri ne, bai yi kama da abin da almajiri ya saba gani a allo ba. A shekarar 2017 ƙungiyar SIL International ta fitar da wani zubi mai suna Alkalami, wanda aka kwaikwayo daga rubutun hannu na Kano. Kyauta ake samunsa a intanet.

To, ina ya dace a yi amfani da zubi mai kama da rubutun hannu? Ya fi kyau a kanun labari, da bangon littafi, da katin gayyatar biki, da allon shago, wato inda kalmomi ba su da yawa kuma ana so su ja ido. Amma idan aka ƙanƙanta shi, baƙaƙen sukan cunkushe, mai karatu ya gaji. Takardar neman aiki da aka buga da haruffan boko masu lanƙwasa irin na buroshi kuwa, da wuya a ɗauke ta da muhimmanci.

Tambayoyi

1. Me ya sa layin buroshi yake yin kauri a wani wuri?
2. Ina ɗigon "fa" yake a rubutun Kano?
3. Ku duba takardar naira 500 ta Babban Bankin Nijeriya, ku nemo ajamin da ke jikinta, ku kwafe shi a littafinku.