Don Me Yaro Ya Kan Ji wa Kansa Rauni?

Wata ran Lahadi bayan sujada, wata uwa ta tsaya a bakin ƙofa har kowa ya watse, kāna ta matso ta ce, "Baba Pasto, 'yata tana yanka jikinta." Yarinyar tana da shekara 15. Watanni ke nan ba ta rabuwa da riga mai-dogon hannu, ko cikin zafin bazara. Ran da aka ga tabon, uban ya ɗauko bulala. Kaka ta ce iskoki ne. Uwa kuwa ta rasa ta cewa, sai kuka.

Mu ma a ran nan ba mu da amsa mai-kyau. Domin wannan muka shiga neman abin da masana suka gano, shi ne kuwa mu ke so mu duba tare cikin wannan darasi.

Da fari sai mu san wannan ba tsagar wanzami ba ce, ba kuwa irin shaɗin Fulani ba ne, inda saurayi ya ke nuna jarumtaka a gaban jama'a. Wannan a ɓoye a ke yi, da kunya mai-yawa. Ya kan soma tsakanin shekara 12 da 14. A 2014 waɗansu masana suka tattara binciken da aka yi a ƙasashe da yawa, suka iske wajen 17 cikin 100 na matasa sun taɓa yi ko da sau ɗaya. Ba dukansu ke da ciwon baƙin ciki ba, amma abubuwan nan biyu su kan yi tafiya tare ƙwarai.

Ciwon baƙin ciki, wanda waɗansu ke ce da shi ciwon damuwa, ya bambanta da ɓacin rai na kwana ɗaya. Likitoci su kan kira shi ciwo sa'anda ya kai mako 2 ko fi, mutum ba ya jin daɗin abin da ya saba so, barci da cin abinci sun rikice, karatu ba ya shiga. Ga matasa sau da yawa ba da hawaye ya ke fitowa ba, sai da saurin fushi da tsiwa. Nan ne iyaye su kan ruɗe, su ce rashin kunya ne.

To, me ke faruwa cikin zuciyar yaron?

Dalili na fari, wanda ya fi sauran yawa, shi ne neman sauƙi. A 2007 wani masani mai-suna David Klonsky ya duba abin da masu yin haka suka faɗa da bakinsu cikin bincike iri iri, ya ga abin da suka fi ambata shi ne rage zafin da ke cikin zuciya. Baƙin ciki da tsoro da fushi sun taru har ƙirji kamar zai fashe. Yaron bai san sunan abin da ke damunsa ba, balle ya faɗa. Ya ji wa jikinsa ciwo, hankalinsa duka ya koma wurin nan, sa'anda zafin jiki ya lafa kuma, nauyin zuciya ma ya ragu kaɗan. Sauƙin nan gaskiya ne, ba ƙarya ya ke yi ba. Amma ba ya daɗewa. Kunya ta biyo baya, ga tabo da za a ɓoye, baƙin ciki ya ƙaru, gobe kuma zuciya ta tuna da hanyar da ta ba ta hutu jiya. Duk wanda ya taɓa yin ƙazwa ya san wannan: susa da daɗi, amma ita ke faɗaɗa gyambo. Haka abin ya kan zama jiki, har yaro ya so dainawa ya kasa.

Waɗansu kuwa ba zafi ke damunsu ba, rashin jin kome ne. Ciwon ya busar da zuciya, ba murna ba kuka, kamar itace. Su kan ce sun yi domin su tabbata har yanzu suna da rai.

Dalili na biyu shi ne hukunta kai, nan kuwa ya kamata mu dakata, gama ya taɓa mu. Likita Aaron Beck na Amurka ya nuna tun cikin shekarun 1960 cewa ciwon baƙin ciki yana karkatar da tunani ta fuska uku: mutum ya ga kansa banza ne, ya ga duniya gāba ta ke yi da shi, ya ga gobe ba alheri. Yarinya ta faɗi jarrabawa guda, ciwon ya ce mata ita nauyi ce a kan iyayenta. Wani babba ya ci zarafinta, ciwon ya ce laifinta ne. Wanda ya gaskata ya cancanci horo, in ba mai-yi masa, shi da kansa zai yi. Yaron da ya girma cikin Ekklesiya ma ya kan ɗauka yana biyan bashin zunubinsa ne. Idan wa'azinmu kullum hukunci ne, ba ya jin labarin gafara, mun ƙara masa kaya ba mu sani ba.

Akwai kuma zancen gida. Wata masaniya, Marsha Linehan, ta koyar cewa yaro mai-taushin zuciya, idan ya tashi inda a ke rena abin da ya ke ji, ba zai koyi yadda a ke kwantar da zuciya ba. Ya yi kuka, a ce, "Me aka yi maka?" Ya soma magana, a ce, "Yi haƙuri," a tashi. Haƙuri abu mai-kyau ne, amma mun iya mai da shi murfin tukunya. Matar nan ta san abin da ta ke faɗi. A 2011 ta bayyana wa duniya cewa ita kanta an kwantar da ita a asibiti a 1961, tana da shekara 17, ta fi shekara 2 a can tana ji wa kanta rauni. Ta warke, ta yi karatu, ta shirya hanyar koya wa marasa lafiya jure zafin zuciya ba tare da taɓa jiki ba. Aka gwada hanyar a kan matasa a Oslo ta ƙasar Norway, rahoton da ya fito a 2014 ya nuna jin raunin ya ragu.

Ƙuruciya kanta tana da nata rabo. Sashen ƙwaƙwalwa na gaban goshi, mai-riƙe linzamin mutum, ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 25, amma motsin zuciya ya riga ya yi ƙarfi tun balaga. Ga kuma koyi: a makarantar kwana, ko ta hotuna cikin waya, abin ya kan tsallaka daga aboki zuwa aboki.

Mutane su kan ce, "So ta ke a kula da ita kawai." Mafi yawansu ɓoyewa su ke yi, wata da watanni. Wadda ta bari aka gani kuwa, me ya sa ba ta sami wata hanyar kira ba sai wannan? Zancen iskoki kuma, mun san labarin mutumin nan na cikin kaburbura a Markus sura 5, ba mu musunsa. Amma ba kowane mai-farfaɗiya ko mai-zazzaɓi mu ke kai wa wannan sura ba. Yarinyar da ta riga ta ƙi kanta, idan aka kewaye ta da ihu ana cewa aljani ke cikinta, an tabbatar mata da mugun zatonta ke nan. Bulala ma haka. Mu yi addu'a tare da ita a natse, mu kai ta wurin likita kuma.

Yawancinsu ba mutuwa su ke nema ba. Duk da haka kada mu yi sake, gama wanda ya saba da ji wa kansa ciwo, tsoron ciwo ya kan ragu a gare shi, hatsarin kashe kai kuwa ya fi yawa a cikinsu. Sai a zauna da yaron inda ba kowa, a tambaye shi a fili ko yana tunanin mutuwa. Bincike ya nuna tambayar ba ta sa masa tunanin da ba shi da shi. In ya ce i, kada a bar shi shi kaɗai, a tafi asibiti a ranar. Maganin ƙwari da na ciyawa da ƙwayoyin magani, a kulle su, tun ba a gidajen manoma ba. Kada a tilasta masa rantsuwa cewa ba zai ƙara ba, gama ran da ya karya ta zai ƙara ɓuya. Kada kuma a kai zancensa gaban Zumuntar Mata da sunan roƙon addu'a ba da yardarsa ba. Akwai asibitocin Gwamnatin Tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta jihar Sakkwato, manyan asibitocin koyarwa kamar na Jos da Kano da Zariya kuma suna da wannan sashe. Zuwa can ba shaidar hauka ba ne.

Wani bincike da aka yi a Ostareliya, aka buga a 2012, ya bi matasa wajen 1,800 har suka girma. Wajen 9 cikin 10 na waɗanda suka yi haka da ƙuruciya sun daina. Waɗanda suka ci gaba, sau da yawa masu baƙin ciki da fargaba ne, domin wannan ciwon da ke ƙarƙashi shi ne abin nema wa magani.

Yarinyar nan da muka ambata, likita ya iske ciwon baƙin ciki ne, ya soma tun rasuwar wanta, wanda ba a ƙara kiran sunansa a gidan ba. Ta sake yi sau biyu bayan an fara magani, amma ta faɗa wa uwarta da kanta. Yanzu uban ne ke ɗaukarta a babur ran ganin likita, ya zauna a benci yana jira har ta fito.