Mai Lura da Garka: Darasi a Kan Aikin Jami'in Talala

Karatu: Luka 13:6-9, Ayyukan Manzanni 9:26-28, Wasiƙa zuwa ga Filimon



Mazauna Unguwar Gano da Gyadi-Gyadi da sauran unguwannin ƙaramar hukumar Tarauni sun san kotunan da ke Titin Kotu, sun kuma saba ganin iyaye da mata suna jira a bakin ƙofa domin su ji abin da alƙali zai yanke a kan ɗansu ko maigidansu. Yawancinmu muna tsammani hukunci iri biyu ne kawai: ko tara, ko gidan yari. Amma dokar ƙasarmu ta tanadi hanya ta uku, ta kuma ɗora ta a wuyan wani ma'aikaci wanda ba kasafai ake jin labarinsa ba. A darasin nan za mu dubi aikin wannan ma'aikaci, da abin da Maganar Allah take koya mana a kansa, da kuma rabon da ya faɗo wa ikilisiya.

1. Ma'anar aikin

Makiyayi ya san talala. Igiya ce mai tsawo wadda ake ɗaure dabba da ita, ta yi kiwo ta sha iska, amma ba za ta wuce iyaka ta shiga gonar wani ba. Daga nan Hausawa suka samo kalmar ɗaurin talala. A shari'a talala iri biyu ce.

Ta farko ita ce wadda lauyoyi suke kira furobeshan, daga kalmar Latin mai ma'anar gwadawa. Kotu ta tabbatar mutum ya yi laifi, amma maimakon ta aika da shi kurkuku, sai ta sake shi ya koma gida bisa sharuɗɗa, a gwada halinsa na wani lokaci. Ta biyu ita ce farol, daga kalmar Faransanci mai ma'anar magana, wato alkawarin da mutum ya yi da bakinsa. Wannan ta shafi wanda ya riga ya yi wani sashe na ɗaurinsa, aka ga ya gyaru, aka sake shi ya ƙarasa sauran kwanakinsa a waje bisa sharuɗɗa. A duka biyun akwai jami'in da aka ba amanar lura da mutumin. Shi ne muke kira jami'in talala.

2. Asalin aikin

Ba a ofis aka soma wannan aiki ba. A shekarar 1841, a birnin Boston na Amurka, wani mai ɗinkin takalma mai suna John Augustus ya roƙi alƙali ya damƙa masa wani mashayi maimakon a ɗaure shi. Bayan mako 3 ya dawo da mutumin gaban kotu da hankalinsa, har alƙali ya sassauta masa. Kafin rasuwarsa a 1859, Augustus ya tsaya wa mutum kusan 2,000. A 1878 jihar Masacusets ta yi dokar farko da ta mai da aikin na gwamnati.

A Ingila kuwa, a 1876 wata ƙungiyar yaƙi da shaye-shaye ta Ikilisiyar Angilikan ta soma aika masu wa'azi zuwa ƙananan kotunan Landan, suna karɓar masu ƙananan laifuffuka suna kula da su. Dokar 1907 ta tabbatar da aikin, daga can kuma ya iso ƙasarmu a zamanin mulkin Turawa. A 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idodin da ake kira Ƙa'idodin Tokyo, waɗanda suka ƙarfafa ƙasashe su nemi hukunce-hukuncen da ba na ɗauri ba. Mu lura da wannan: masu tsoron Allah da talakawa masu sana'a ne suka fara, gwamnati ta biyo baya.

3. Abin da dokarmu ta tanada

Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta tarayya, ta 2015, ta ba kotu ikon duba halin mai laifi, da tarihinsa, da shekarunsa, da lafiyarsa, da ƙanƙantar laifin, sa'an nan ta sake shi bisa alkawarin zai kiyaye halinsa na lokacin da bai wuce shekara 3 ba. Kotu tana iya umurtarsa ya biya wanda ya cuta diyya. Game da farol, dokar ta ce idan an yanke wa mutum shekara 15 ko fiye, ko ɗaurin rai da rai, ya yi aƙalla kashi 1 cikin 3 na wa'adinsa, shugaban hukumar gidajen yari kuma ya shaida kyawun halinsa, to, kotu tana iya dakatar da sauran bayan ta saurari masu gabatar da ƙara. Jihar Kano ta yi tata dokar a 2019.

A wannan shekara ta 2019 ne kuma aka sake wa hukumar gidajen yari suna, ta zama Hukumar Gyaran Hali ta Nijeriya, aka raba aikinta biyu: sashen tsarewa, da sashen hukuncin da ba na tsarewa ba. Sashe na biyu ne yake riƙe da talala iri biyun nan, da hidimar al'umma, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta. A sha'anin yara kuwa, ma'aikatan jin daɗin jama'a na jihohi ne suka daɗe suna wannan aiki.

Dalilin wannan gyara a fili yake. A shekarun 2023 da 2024 mutanen da ke gidajen yarin Nijeriya sun haura 70,000, kusan biyu cikin uku kuma jiran shari'a suke yi. Kurkukun Kurmawa tun 1910 aka gina shi, lokacin da Kano ba ta kai ko kusa da girmanta na yau ba. Idan aka haɗa yaron da ya saci batir a garejin maigidansa da riƙaƙƙun 'yan fashi a ɗaki ɗaya wata shida, mun san irin karatun da zai fito da shi. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

4. Aikin jami'in

Dokar ta jera masa ayyuka huɗu: ya riƙa ziyartar mutumin ko ya karɓi rahoto daga gare shi, ya tabbatar yana bin sharuɗɗan kotu, ya sanar da kotu halin da yake ciki, ya kuma ba shi shawara, ya taimake shi, ya zama masa aboki, in da bukata ya nema masa aikin yi.

A ce an damƙa masa yaron garejin nan. Zai je gidansu ya ga da wa yake kwana, da wa yake tashi. Zai gana da mai unguwa. Zai zauna da maigidan da aka yi wa sata ya ji asararsa da ɓacin ransa, a shirya yadda za a biya. Zai bincika ko ƙwaya ce ta kai yaron ga sata, domin in ba a magance wannan ba, an yi aikin banza. Zai nemi wani makanike da zai yarda ya karɓe shi. Sa'an nan ya rubuta duk abin da ya gani.

Nauyin aikin yana nan: mutum ɗaya ne aboki, shi ne kuma idon kotu. Ranar da yaron ya karya sharaɗi, jami'in da ya ci tuwo a gidansu shi ne zai rubuta gaskiya, ko da za ta kai yaron kurkuku. Jarabobi uku suna jiransa. Ta fari ita ce cin hanci, domin iyali za su so su sayi rahoto mai kyau. Ta biyu tausayin da ba shi da gaskiya, wanda yake rufe laifi har a cuci wani. Ta uku taurin zuciya, sa'ad da gajiya da yawan mutane da tsadar sufuri suka sa ya daina ziyara, ya zauna a ofis yana cike takarda. Ko wacce ya faɗa ciki, ko dai a sake cutar wani marar laifi, ko kuwa a yi asarar ran da za a iya cetowa.

5. Hasken Maganar Allah

A Luka sura 13 Ubangijinmu ya ba da misalin wani mai garka da ya yi shekara uku yana neman 'ya'ya a itacen ɓaurensa bai samu ba, har ya ba da umurni a sare shi. Mai lura da garkar ya roƙa a ƙara wa itacen shekara ɗaya, shi kuma zai yi masa kaftu ya zuba taki. In ya yi 'ya'ya to, in bai yi ba a sare. Abu uku za mu koya. Mai lurar bai musa cewa itacen ya gaza ba. Bai roƙi lokaci marar iyaka ba. Bai kuma roƙi lokacin domin ya naɗe hannu ba, sai da ya ɗora wa kansa aiki. Jinƙan da babu kaftu da taki a cikinsa jinkirta sara ne kawai.

A Ayyukan Manzanni sura 9, sa'ad da Shawulu ya zo Urushalima bayan tubarsa, almajirai sun ji tsoronsa, kuma suna da dalili, gama ya tsananta wa 'yan'uwansu. Barnaba ne ya kama hannunsa ya kai shi gun manzanni, ya ba da shaidar abin da ya faru. Ya sa sunansa jingina. Daga baya Bulus ɗin nan ya yi wa Unisimas irin wannan: ya mai da shi ga Filimon, ya roƙa a karɓe shi kamar ɗan'uwa, ya kuma ɗauki alkawarin biyan duk abin da ake binsa. Bulus bai ce Filimon ya manta da asararsa ba.

Haka Ikilisiya take koyarwa. Katikizim na Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya bayyana a lamba 2266 cewa hukuma tana da haƙƙin hukunta mai laifi daidai da laifinsa, cewa hukunci yana gyara ɓarnar da aka yi yana kuma kare jama'a, sa'an nan yana kamar magani ne, wanda ya kamata ya taimaka wajen shiryar da mai laifin. A watan Disamba 1983 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ziyarci Mehmet Ali Agca, wanda ya harbe shi a 1981, a kurkukun Rebibiya da ke Roma. Ya gafarta masa, amma gafarar ba ta soke shari'a ba. Sai a shekarar 2000 shugaban Italiya ya yi masa afuwa. Mu ma a Sakramentin Tuba muna karɓar gafara tare da aikin tuba, wanda ya yi sata kuma dole ya mayar. Dukanmu a bisa haƙurin Allah muke rayuwa.

6. Rabon ikilisiya

Jami'i yana ganin mutum awa ɗaya ko biyu. Sauran mako a hannun unguwa yake. Idan kowa ya rufe masa ƙofa, majalisar 'yan shaye-shaye ba za ta rufe tata ba. Saboda haka:

(a) Iyaye, hannunka ba ya ruɓa ka yanke ka yar. Ku karɓi ɗanku, amma kada ku yi wa jami'i ƙarya, kada ku miƙa masa kuɗi. Wanda ya ɓoye cuta daga likita ba ya ƙaunar majinyaci.

(b) Masu sana'a a cikinmu, kafintoci da teloli da makanikai da masu walda, ku yi tunanin karɓar mutum ɗaya. Ba a ce ku ba shi mabuɗin shago ran farko ba. Amana kaɗan-kaɗan ake gina ta.

(c) Zumuntar Mata Katolika, da ƙungiyar Waliyyi Binsent na Fol, da Hukumar Adalci, Ci-gaba da Zaman Lafiya, kada ziyararmu ta tsaya a ƙofar kurkuku. Mako na fari bayan fitowa, sa'ad da babu aiki babu abinci, shi ne mafi haɗari.

(d) Kada mu manta da wanda aka cuta. Shi ma a ziyarce shi, a saurare shi, kada a matsa masa ya yafe kafin a yi masa adalci. Inda laifin ya shafi yara ko mata, kare su shi ne kan gaba, kuma ba a ba irin wannan mai laifi aiki kusa da su.

(e) A unguwanninmu yawancin maƙwabta Musulmi ne, haka ma yawancin jami'ai da waɗanda ake lura da su. Barna ba ta tambayar addini, gyara ma haka. Mu yi aiki tare da masu unguwa da limamai cikin girmamawa.

(f) Matasanmu masu karatun shari'a ko nazarin zamantakewa, ku dubi wannan aiki da idon kira. Ba ya kawo dukiya ko suna. Yana bukatar mai haƙuri, mai riƙon sirri, wanda ba a saye.

Ubangiji ya faɗa a Matiyu sura 25 cewa a ranar shari'a za a tambaye mu game da waɗanda ke kurkuku. Wanda aka sako bisa sharaɗi bai gama fita daga wannan tambaya ba, sai dai ya matso kusa da ƙofarmu.

Tambayoyi domin nazari

1. Mene ne bambanci tsakanin gafarta wa mutum da rufe masa laifi?
2. Me ya sa almajirai suka ji tsoron Shawulu, me kuma Barnaba ya sa a haɗari?
3. Idan ɗan ikilisiyarmu ya fito daga kurkuku a wannan mako, wa zai fara zuwa wurinsa, da me kuma?

Addu'a

Ya Allah Uba mai haƙuri, kai ne kake ƙara mana lokaci domin mu tuba. Ka ba alƙalai da jami'an talala gaskiya tare da tausayi. Ka warkar da waɗanda aka cuta, ka ƙarfafa waɗanda suke ƙoƙarin sake rayuwarsu, ka kuma ba mu hannuwan da ba sa gajiya da kaftu. Muna roƙo ta wurin Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.